Sakaci ne, ko ganganci, ko tsautsayi? Amsa ga sakataren ƙungiyar teloli

Tambayar ta zo mini ne daga wani bawan Allah da ke riƙe da muƙamin sakatare a wata ƙungiyar teloli a cikin garin Gombe. Ya ce ana saura kwana shida Ƙaramar Salla, yaron wani shago yana cikin guga aka ɗauke wuta, sai ya kife dutsen gugar a kan tebur bai zare shi daga soket ba, suka rufe shago suka tafi gida. Cikin dare aka maido da wuta, dutsen ya yi zafi, shagon ya kama, ɗinkunan mutane da kekuna biyu suka ƙone ƙurmus. Ƙungiya ta kafa kwamiti, amma kan 'yan kwamitin ya rabu a kan kalmar da za a rubuta a rahoto. Wani ya ce kuskure ne, wani ya ce sakaci ne, wani da shaddarsa ta ƙone ya dage cewa ganganci ne, mai shagon kuwa ya ce tsautsayi ne, a bar wa Allah. Sakataren yana so ya san ma'anar kowace kalma da inda ake amfani da ita, don kada alƙalaminsa ya zalunci wani.

Malam sakatare, na yi shekaru ina koyar da Hausa a Bauchi, kuma kafin nan na taɓa aikin tafinta a kotu, inda na ga yadda kalma ɗaya takan ɗaure mutum ko ta kwance shi. Saboda haka na san 'yan kwamitinka ba gardamar banza suke yi ba. Kowace daga cikin kalmomin nan huɗu hukunci ce a dunƙule, domin kowace tana faɗin abin da mutum ya sani kafin abin ya faru, da irin nauyin da ke wuyansa a lokacin. Bisa ga abin da ka bayyana mini, kalmar da ta dace ita ce sakaci, sai dai akwai sauran magana a kan ko sakacin wane ne.

Idan Bahaushe ya ce wane ya yi sakaci, yana nufin akwai wani abu da aka damƙa masa, ko wanda al'ada da hankali suka ɗora masa, yana kuma da ikon kula da shi, amma ya sassauta riƙo har ɓarna ta shigo. Mai jin Hausa yana jin ƙamshin saki a cikin kalmar, wato abu yana hannunka ka sake shi. Wannan ne ya sa ba a jingina sakaci ga wanda babu nauyi a kansa. Idan yaro ya faɗa rijiyar da ba ta da murfi, za a ce sakacin masu gida ne, ko sakacin wadda aka bar wa yaron, amma ba wanda zai ce sakacin mai tallar goro ne da ya wuce ta ƙofar gidan. Haka kuma ba a jingina shi ga wanda abin ya fi ƙarfinsa. Manomin da ya shuka a kan kari, ya yi noma ya sa taki, sannan ruwa ya ɗauke masa, bai yi sakaci ba. Wanda ya bar dawarsa a gona bayan ta bushe har shanu suka shiga, shi ne ake wa wannan shaida. A yawancin lokaci laifin mai sakaci shi ne abin da bai yi ba: bai rufe ba, bai duba ba, bai ɗaure ba, bai kai asibiti da wuri ba. Kuma a cikin kalmar babu zargin mugun nufi ko kaɗan, domin mai sakaci shi ne farkon wanda yake cizon yatsa idan abin ya auku.

Tana da ƙanwa, wato sake, wadda aka fi ji a baka. Ana cewa kada ka yi sake da damar nan, ko kuma an yi sake ɗan zaki ya girma, idan aka bar ƙaramar matsala har ta gagara. Sake ya fi karkata ga jinkirin da ke ba abokin hamayya ko matsala sarari, shi ya sa 'yan siyasa da masu sharhin ƙwallo suke son sa. A takardar hukuma ba na ba da shawarar amfani da shi, saboda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka a kan takarda kamanninsa ɗaya da sake na maimaitawa da sake na canzawa. Dubi bambancin "kada ka sake zuwa" da "kada ka sake ka zo": na farko hani ne ga maimaita zuwa, na biyu kuwa gargaɗi ne mai zafi ko da mutum bai taɓa zuwa ba. Kunne yana rarrabe su nan take, amma ido yakan yi tuntuɓe.

Ganganci ita ce kalmar da nake so ka fi yin hattara da ita. Tushenta gangan ne, kamar yadda muke cewa ya yi da gangan, aka ƙara mata ɗafa-ƙeyar -ci irin wadda ke cikin lalaci da sakarci da ha'inci. Saboda wannan tushe, sani yana cikin jininta, kuma tana da fuska biyu. A bakin malaman fiƙihu, ganganci shi ne fassarar amdi na Larabci, wato aikata abu da nufi. Da wannan ma'ana ake cewa kisan ganganci a matsayin kishiyar kisan kuskure, kuma da ita ake cewa wanda ya ci abinci da rana a watan Ramadan bisa ganganci, ramuwa da kaffara sun hau kansa. A bakin jama'a kuwa, ganganci shi ne mutum ya ga haɗari ƙuru-ƙuru ya kutsa, ba don yana son ɓarnar ta faru ba, sai don ya raina ta ko yana taƙama da gwanintarsa. Direban da ya ce sai ya wuce tirela a kan kwana a hanyar Gombe zuwa Bauchi, ko saurayin da ya faɗa kogin Gongola a cike cikin watan Agusta don abokai su yaba, ko mai sayar da fetur a galan da ya kunna sigari a gefen hajarsa, duk ganganci suka yi. Daga nan aka sami tuƙin ganganci, wanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, suke yawan ambata a rediyo. Ba a cewa tuƙin sakaci, sai dai a ce direba ya yi sakaci da duba birki ko taya kafin ya tashi. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna maka iyakar da ke tsakaninsu: sakacinsa yana tasha kafin a ɗauki hanya, gangancinsa kuwa yana kan kwalta.

To, idan ka rubuta cewa yaron nan ya yi ganganci, wani zai karanta da ma'anar jama'a, wani kuma, musamman idan takardar ta kai gaban alƙali ko wani malami, zai karanta da ma'anar fiƙihu, ya fahimci cewa ƙungiya ta tabbatar yaron ya ƙona shagon da nufi. Wannan tuhuma ce babba, kuma babu abin da ke goyon bayanta a cikin labarin da ka ba ni. Ko da ma'anar jama'a ma, kalmar ba za ta zauna ba sai an tabbatar cewa a lokacin rufe shago yaron ya tuna dutsen yana jone, ko wani ya tuna masa, ya ce a bar shi ai wuta ba za ta dawo ba yau. Idan akwai shaidar da ta ji ya faɗi haka, to maganar ta tashi daga sakaci ta koma ganganci. Mai shaddar da ya dage a kan wannan kalma zafin asara ne yake magana da bakinsa, kuma a hira ta yau da kullum mukan yi haka, mu kira ƙaramin sakaci ganganci don mu nuna girman fushinmu. Rahoto kuwa ba wurin huce haushi ba ne.

Dokar boko ma ta lura da wannan bambanci. Kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Nijeriya, wanda ake kira final kot, da aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya ambaci aikin da aka yi cikin kasada da wanda aka yi cikin sakaci a jere, a matsayin abubuwa biyu, kuma a sashe na 222 ya fitar da kisan da ya auku ta ɗayan waɗannan hanyoyi daga cikin wanda ake yanke wa hukuncin kisa. A nan ne tafinta yake zufa, domin idan ya fassara kasadar da ganganci kawai ba tare da ƙarin bayani ba, wanda ake tuhuma zai ɗauka ana cewa ya yi kisa da niyya, sai ya musa abin da da ya fahimta da ya amsa. Abin da na saba yi shi ne in warware kalmar, in ce ana tuhumarka da cewa ka san akwai haɗari amma ka ci gaba, ko kuma ana tuhumarka da cewa ba ka kula da abin da ya kamata ka kula da shi ba.

Kuskure kuwa yana can ɗaya gefen. Asalinsa a harbi ya fi fitowa fili: maharbi ya auna, ya saki kibiya, ta kuskure. Wato mai kuskure ya yi nufin daidai, ya kuma yi ƙoƙari, amma hannu ko ido ko lissafi ya kauce. Telan da ya auna wuyan riga ya rubuta sha biyar a maimakon sha shida ya yi kuskure. Telan da bai auna ba sam, ya dubi mutum da ido ya yanka, ba kuskure ya yi ba, ko da ya kira shi haka. Mutane suna son wannan kalma saboda tana da sauƙin ɗauka, kuma ita ce ake neman afuwa da ita, amma a maganar dutsen guga ba ta zauna daidai ba, domin babu wani aiki da yaron ya nufa ya kauce. Da a ce ya miƙa hannu cikin duhu ya zare wayar fanka yana zaton ta dutsen ce, da na ce ka rubuta kuskure ba tare da wani shakku ba. Ka tambaye shi wannan, don yana iya yiwuwa haka aka yi.

Abin da ya fi kusa da halin yaron, idan ba haka ba ne, shi ne mantuwa ko sha'afa. Sha'afa ita ce abu ya fice maka daga rai na ɗan lokaci saboda hankalinka ya tafi wani wuri, kuma wanda ya taɓa zama a shagon tela a goman ƙarshe na azumi, ana kwana a kan keke, ya san yadda take kama mutum. Sai dai mantuwa ba kullum take wanke mai ita ba. Akwai mantuwar da ke faɗo wa mai kula, akwai kuma wadda sakaci ne ya haife ta, wato ta wanda bai taɓa ɗaukar wani mataki da zai hana shi mantawa ba. Malaman tafsiri suna da wani bayani da ya dace da nan. A Suratul Ma'un an yi narko ga masu yin sahu, wato shagala, ga barin sallarsu, sai malamai suka lura cewa ayar ta ce "an salatihim", wato ga barin sallarsu, ba ta ce "fi salatihim", wato a cikin sallarsu, ba. Wanda ya yi rafkanwa a cikin salla yana gyarawa da ƙabli ko ba'adi, ba shi da zunubi, amma wanda ya shagala har lokaci ya fita, kuma hakan ya zame masa jiki, shi ne mai sakaci da salla. Gafala, wadda muka aro daga Larabci, tana wannan layi, kuma ta fi zama a wa'azi da rubutattun waƙoƙi, inda take nufin barcin zuciya. Kada a rikita ta da gafara, domin harafi ɗaya ne ya raba su a rubutu amma tushensu daban ne.

Akwai wasu kalmomi da sukan raɓi wannan fage, waɗanda ba sa bukatar dogon bayani. Kasala nauyin jiki ce, tana iya kama mai himma idan ya gaji ko bai da lafiya. Lalaci da ragwanci hali ne na ƙin aiki. Garaje shi ne afka wa abu cikin gaggawa ba tare da tsari ba, shi ya sa ake cewa garaje ba ƙarfi ba ne. Dukkansu suna iya zama sanadin sakaci, amma su ba shi ba ne, domin akwai mutum mai zafin nama da ba ya zama, kuma ga shi da sakaci. Ha'inci kuwa ya fita daga wannan dangi gaba ɗaya, saboda cin amana ne da sani, kamar telan da ya rage yadin mutane ya ɓoye. Kada kalmar ta kusanci rahotonka.

Sai kuma maganganun da ke bayyana halin zuciyar mai sakaci, waɗanda jaridu da gidajen rediyo suka mayar abincin yau da kullum. Halin ko-in-kula ya fi sakaci nauyi, domin yana nuna an sani, an gani, amma abin bai dami mutum ba, kuma shi ne ake yawan jifan hukumomi da shi idan hanya ta lalace ko kwari yana cin gidaje. Riƙon sakainar kashi hoto ne mai kaifi: sakaina ɓallin fasasshiyar ƙwarya ce, wadda kuma aka kwashe kashin yaro da ita ba a riƙe ta da hannu biyu, da bakin yatsu ake ɗauka ana neman inda za a jefar. Saboda haka idan aka ce ya yi wa aikinsa ko iyalinsa irin wannan riƙo, an haɗa masa sakaci da raini. Yin biris, da kunnen uwar shegu, da shakulatin ɓangaro, duk suna bukatar a ce an yi magana ko an yi gargaɗi mutum ya share. Waɗannan suna da daɗi a sharhi da muhawara, amma suna ɗauke da fushi, don haka ba su dace da takardar sulhu ba.

Na bar tsautsayi zuwa yanzu saboda ita ce kalmar da ta fi wuyar taɓawa a cikinmu. Muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma babu Musulmin da zai musa cewa abin da Allah ya ƙaddara sai ya auku. Amma a lura da aikin da kalmar take yi a cikin magana. Tsautsayi yana bayyana abin da ya sami mutum, ba ya bayyana abin da mutum ya yi ko ya bari. Shi ya sa ya fi kyau a bakin mai jaje da bakin wanda aka yi wa ɓarna. Idan mai shaddar da ta ƙone ya ce tsautsayi ne, ya yi karamci, ya yafe. Idan kuwa wanda kayan suke hannunsa ne ya riga kowa faɗin haka, to ya yafe wa kansa bashin da ba shi ne mai shi ba. Abu ɗaya yana iya zama tsautsayi ga masu kaya, ya kuma zama sakaci daga masu shago, ba tare da maganganun biyu sun yi karo ba. Addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya zo da hadisin da aka ce wa mai taguwa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kuma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin gidan da ya ƙone da dare a Madina, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wuta maƙiyiya ce, a kashe ta idan za a kwanta.

Ina kuma zargin cewa abin da ya sa kowa ya kafe a kan kalmarsa shi ne tunanin cewa ita za ta yanke maganar biya. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ba haka abin yake ba ɗari bisa ɗari. Ƙa'ida ce sananniya cewa ganganci da kuskure daidai suke a dukiyar mutane, wato kuskure da mantuwa suna ɗauke zunubi amma ba sa ɗauke ramuwa. Wanda aka ba ajiya don Allah ba ya biya sai ya yi tafriɗi, wanda shi ne sakaci, ko ta'addi, wato ƙetare iyaka. Masu sana'a kuwa an tsananta musu, domin Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce masu sana'a suna lamunce abin da aka ba su suka keɓanta da shi, kuma malaman mazhaba sun yi bayanin cewa ana sauke musu wannan nauyi ne idan hujja ta tsaya cewa kayan sun salwanta ba da sakacinsu ba. Ka ga ke nan kalmar sakaci ita ce ƙofar da hukuncin yake shiga, kuma wanda masu kaya suka sani shi ne mai shago, ba yaronsa ba. Yanke wannan hukunci aikin malami ne ko alƙali, ba na malamin harshe ba, amma ya kamata kwamiti ya san da shi kafin ya sa hannu.

Wannan ya dawo da mu ga tambayar ko sakacin wane ne. Yaro ɗan koyo yana da nasa, tunda shi ya jona dutsen. Amma wa yake rufe shago? Shin akwai ƙa'idar kashe babban makunni kafin a tashi, kuma an taɓa koya wa yaron ita? A garin da kowa ya san ana ɗauke wuta a maido da ita ba sanarwa, shagon da ba shi da wannan ƙa'ida ya daɗe yana cikin sakaci, ranar gobara ce kawai ta tona shi. Idan kuma ya tabbata cewa maƙwabta ko ƙungiya sun taɓa jan kunnen mai shagon a kan haka ya yi biris, to nasa ya fi na yaron nauyi nesa ba kusa ba.

Wajen rubutawa, ka kula da 'yan abubuwa na nahawu. Sakaci da ganganci da kuskure da tsautsayi duk jinsin namiji ne, sai a ce sakacin yaron, gangancin direba. Mantuwa da kasala da gafala kuwa jinsin mace ne, don haka a daidaitacciyar Hausa mantuwar yaron ake rubutawa, ko da yake mu a nan Bauchi da Gombe bakinmu ya saba da mantuwan yaron, tunda karin harshenmu bai cika rarrabe jinsi ba. Ana yin sakaci da abu, ko wajen yin abu, kuma sunan da ya biyo bayan "sakacin" shi ne mai laifin, don haka "sakacin dutsen guga" ba magana ba ce, sai dai "sakaci da dutsen guga". Ka kuma bambanta "ya yi sakaci" da "mai sakaci ne", domin na farko ya tsaya a kan dare ɗaya, na biyu kuwa tambari ne da zai bi yaron duk shagon da ya je neman aiki.

Idan binciken bai fito da wani sabon abu ba, ga yadda zan rubuta da ni ne: "Kwamiti ya gano cewa gobarar ta tashi ne daga dutsen guga da aka bari a jone bayan an ɗauke wuta. Kwamiti bai sami wata shaida da ke nuna an yi haka da nufi ba. An yi sakaci wajen zare dutsen, an kuma yi sakaci wajen duba shagon da kashe makunni kafin a rufe." Bayan wannan sai ku jera abin da kowane mutum ya faɗa da bakinsa, da lissafin kayan da suka ƙone da sunayen masu su, ku kai wa malamin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.